Yaron da na tura lakwal da sunan ɗana

Malam mai wannan fili, don girman Allah ka taimake ni, ka raba ni da wani mushe, wato malamin lakwal, makarantar boko, da ya hana ni shan furata cikin kwanciyar rai. Bayan gaisuwa mai yawa. Ban iya boko ba, ban kuma yi da-na-sani ba. Maman Sani tela ne ke rubuta mini, shi ne kuma ke karanta mana jaridarku ranar kasuwa. Na ce masa ya sa magana yadda ta fito daga bakina, kada ya yi mini gyara. Sunana da na garinmu a bar su. Ni manomin gero da gyaɗa ne a ƙasar Tasawa, wajen Bawdeta, shekaruna sun doshi saba'in.

Shekara shida ke nan, tun Nasara bai tafi ba, aka aiko gardi biyu, dogaran Nasara, daga Tasawa da takarda, wai kowane gari ya ba da yara maza ga lakwal. Garinmu aka yanka mana uku. Maigari bai ba da nasa ba, ba wanda ya ce masa uffan. Sai ya sa sunan ɗana Manzo, don mun taɓa yin shari'a da shi kan iyakar gona na kada shi, bai manta ba.

Kai da ke zaune a birni za ka ce mi ne ne abin tsoro a lakwal. To saurara. Ni na ɗauki dutse a kaina wata huɗu a hanyar Damagaram lokacin aikin dole, har yau wuyana ba ya juyawa hagu. Yayana a irin wannan takarda aka sa sunansa aka kai shi soja, ko rigarsa ba a maido wa uwarmu ba. A saninmu, wanda Nasara ya rubuta sunansa ya tafi ke nan. Manzo kuwa shi kaɗai ne namiji a gidana, bayan mata biyar, kuma da furfurata na same shi. In ba da shi? Ban ba da ba. Da sassafe ranar da za a zo ɗauka, na cusa shi cikin rumbun gero, na mayar da jinka.

A gidana akwai Rufa'i, ɗan ƙanena marigayi Cha'ibu. Uwarsa Halima ta yi aure can Isawan ta bar mini shi. Sa'an Manzo ne, wata uku ne tsakaninsu. Shi na riƙo wa hannu na kai gindin bishiya. Gardi ya sa shi ya zagaya hannu bisa kansa ya taɓo kunne, ya taɓo, aka ce ya isa. Aka tambaye ni ko wannan ne Manzo, na ce shi ne. Gari duka na tsaye, har da maigari, ba wanda ya yi ko tari. Na duƙa na ce wa yaron, daga yau in an ce Manzo ka ce na'am.

Kada kowa ya ce na jefar da maraya. Bargona na kaina na ba shi. Laya na sa aka ɗinka masa. Matata Zalika ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli da garin gero. Kuma ba ni na fara ba. A ƙasar nan wa ya ba da ɗan cikinsa a wancan zamani, in yana da ɗan bara ko ɗan riƙo a gida? In za a ɗaure mu, sai a nemo igiyar da za ta isa daga Tasawa har Mayahi.

Lakwal ɗin ta maza ce zalla. Can suke kwana a wani dogon ɗaki, can suke ci, sai damina su zo gida hutun da suke ce wa bakans. Shekarar farko da ta biyu ya zo mini a rame, da shatar bulala a ƙafafu, ba ya magana. Ban tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba. Namiji ne. Mu ma an doke mu, ga mu nan.

A shekara ta uku aka kawo wanga mushe, Bilal sunansa, yaro ne da ko gemun kirki bai tara ba. Daga nan Rufa'i ya fara canzawa. Ya zo hutu da kumatu, yana dariya, yana ba Manzo labarin wai Alhamis mushe na fitar da su fili su yi kokawa, shi da kansa ke rabawa. Wai ya raba su gida-gida, kowane babba an ba shi ƙanana huɗu, in ƙarami ya kwana da zazzaɓi ba a faɗa ba, babban ake tuhuma. Wai suna da lambu, kowa da kwaminsa. Na ce to, in kokawa da noman albasa ne, ai da an bar mana su a gida, mun fi mushe iyawa.

Ran Talata da ta wuce ina gyaran hauya a zaure, sai ga wanga mushe bisa keke, ya sha rairayi har gwiwa. Gaskiya ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya ce mini Baba, ya ajiye goro. Ban ɗauka ba. Ya ce ya zo ne kan Rufa'i. Rufa'i ya ce, ba Manzo ba. Na ci gaba da gyaran hauyata.

Ga abin da ya zo da shi. Wai shekara biyu ana dukan yaron don ana kiran suna ba ya amsawa da wuri. Wani mushe ya ce kurma ne, wani ya ce taurin kai ne, aka mayar da shi bencin baya, yara suna ce masa Bebe. Shi Bilal da ya zo sai ya lura akwai wani Rufa'i a ajin, kuma duk sa'ad da aka kira wancan, nawa ne ke fara ɗaga kai. Bai ce komai a gaban yara ba. Ya ja shi lambu, ya ba shi hauya, shi ma ya ɗauki ɗaya, suna aiki kafaɗa da kafaɗa har kwana uku, kafin yaron ya buɗe baki. Har ya ce da ni wai yaro namiji ba ya magana in ka zuba masa ido, sai hannunsa na aiki. Ni zai koya wa halin yara maza! Tun daga ranar, in suna su biyu sai ya ce masa Rufa'i. Shekara huɗu suna wannan ƙus-ƙus a bayana, ni da na ciyar da yaron tun yana tafiya da rarrafe.

Yanzu wai yaron ya yi na ɗaya a duk lakwal ɗin, ya ci satifika, ya ci jarrabawar shiga kolej a Maraɗi. Amma ba a karɓarsa sai da takardar haihuwa, kuma saura kwana ashirin a rufe. Takardar ba ta samuwa sai na je Tasawa gaban alƙali da shaidu biyu na faɗi sunan yaro da sunan ubansa. Mushe ya ce hanya biyu ce. Ko in ce shi ne Manzo ɗana, ya tafi da wannan suna har kabari. Ko in faɗi gaskiya, shi kuma ya yi ta zirga-zirga tsakanin darakta da ofishin kumandan, mai mulkin Tasawa, har a gyara littafi. Ya ce shi ta biyun yake roƙo.

Na ce masa akwai hanya ta uku, ita ce wadda ya biyo da kekensa. Na ɗaga murya, na yarda. Maƙwabta suka leƙo. Ya miƙe, ya ce Baba a huta lafiya, zai komo. Ko fushi bai yi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Bari in gaya maka dalilina, ka auna. Ta farko ba zan yi ba. Abin da na gaya wa gardin Nasara wayo ne, ban ɗauke shi zunubi ba. Amma yau wanda ke zaune a kujerar alƙali Musulmi ne ɗan ƙasa, kuma limaminmu za a ce in kai shaida. Ina da ƙafa ɗaya a rami, ba zan tsaya gaban alƙali in ce ɗan Cha'ibu nawa ne ba. Mi zan ce wa Cha'ibu in mun haɗu? Ta biyu ma ba zan yi ba. In je da bakina in ce na yi wa hukuma ƙarya, yaran ofis masu gajeren wando su rubuta suna dariya? Maigari ya riga ya aiko mini cewa in na buɗe baki rawaninsa ne zai faɗi, kuma ba shi kaɗai zai faɗi ba. Ba tsoronsa nake ba, ya sani. Amma ban ga abin da zai sa in miƙa wuyana ga mutanen da suka taɓa ɗora mini dutse ba, don kawai an canza tuta.

Shi ya sa na ce yaron ya tattaro tabarmarsa ya dawo gida. An karɓi shekara shida, ya isa. Bana na ƙara gonar gyaɗa, bayana ya ƙi, Manzo shi kaɗai ba zai iya ba. Kuma karatun da ya yi ya ishe shi ya tsaya mana wajen awo, kada mai ma'auni ya riƙa faɗin abin da ya ga dama muna kallo.

To sai yaran biyu suka haɗe mini kai. Rufa'i ya zo ya durƙusa, idonsa a ƙasa, ya ce, "Baba, in ka ce in zauna zan zauna. Amma in zan tafi, da sunan ubana nake son tafiya. Na gaji da amsa kiran wani." Wannan ba maganarsa ba ce, na san inda aka sa masa ita. Shi kuwa Manzo, wanda saboda shi na yi duk wannan, muna cikin gona ya jefar da hauya ya ce, "Ka sa ni a rumbu, Baba, har yau ba ka fiddo ni ba. Sunana ya yi na ɗaya a Tasawa, ni ko alamar buhuna ban iya karantawa ba." Na mare shi. Zan kuma sake marinsa in ya ƙara. Zalika ta daina yi mini magana sai da ido.

Abin da nake so gare ka biyu ne. Ka rubuta a jaridarka cewa mushe ba shi da hurumin shiga tsakanin mutum da ɗiyansa, aikinsa allo da alli. Sa'an nan ka gaya mini wa ake kai wa ƙara a ɗauke shi daga Tasawa kafin ya komo da kekensa. Kada ka ce mini in yi haƙuri. Haƙurin da na yi a duniyar ga ya ishi gari guda.

Ni ne,
Tsohon da bai roƙi lakwal ba.

*

Baba, na amsa gaisuwarka, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ba zan ce ka yi haƙuri ba tunda ka hana. Amma abu biyun da ka nema ba zan yi ko ɗaya ba, kuma zan gaya maka dalili.

Tsoron da ya sa ka cusa Manzo a rumbu ba wauta ba ne. Wanda aka ɗauke wa yaya ba a maido ko riga ba, ba a yi masa dariya don ya ƙi yarda da takarda. Ni kaina da kuka aka raba ni da uwata aka kai ni lakwal, ta zauna makoki kamar an yi mutuwa. Ƙin rantsuwar ƙarya da ka yi kuma daidai ne, ka riƙe shi da kyau. In ka ce Rufa'i Manzo ne, ka shafe sunan Cha'ibu daga takarda har abada, kuma ran da Manzo na gaskiya zai nemi tasa takardar, sai a ce masa an riga an bayar.

Sai dai akwai abin da ka faɗa da bakinka ka wuce shi da sauri. Shekara biyu ana dukan yaro don ya kasa amsa sunan da kai ka ɗora masa. Yana ɗan shekara takwas, a ɗakin da ba uwa, ba yaya mace, ba kaka, sai maza irinsa da ke masa ba'a. A irin wannan wuri yaro ba ya kuka a fili, sai ya haɗiye. Ka ga shatar bulala ba ka tambaya ba. Bai tona ka ba, Baba. Da ya ce wa mushe na farko sunansa Rufa'i, da duka ya ƙare a ranar, da kai aka zo nema. Ya zaɓi bulala. Ka tuna da wannan kafin ka ce maganar da ya yi maka sa masa aka yi a baki.

Mushe Bilal yana da nasa laifi. Shekara huɗu ya san maganar, bai kamata ya bari sai saura kwana ashirin ya zo ya ɗora maka ba. In yana karanta wannan, ya ji. Amma mutumin da ya lura da yaron da ke ɗaga kai a bencin baya, ya rufa maka asiri, ya tako rairayi ya tuɓe takalmi a zaurenka, ba shi ne za a kai ƙara ba. Lakwal ta maza ba allo da alli kaɗai ba ce. Wanda aka ba yara ɗari su kwana a hannunsa, dole ya san wanda ya ci da wanda bai ci ba, da wanda ke amsa sunan da ba nasa ba. In an ɗauke shi, ba kai za ka yi asara ba, ƙananan da ke can yanzu ne.

Ga abin da za ka yi. Kada ka jira ya komo. Jibi ka hau jaki ka je Tasawa, ka same shi a lakwal, ku shiga wajen darakta tare, tun kafin a je gaban alƙali. Gyaran suna a littafi da takardun jarrabawa yana cin kwanaki, kowace rana da ka ɓata daga rabon yaron take fita. Ka tafi da limaminku da wani dattijo da ya san ranar da aka raɗa wa Rufa'i suna. Ka aika wa Halima a Isawan, ɗanta ne, ya kamata ta ji daga gare ka. Ba zan yi maka alkawarin ba za a yi maka faɗa ba. Amma kai da kanka ka ce ba kai kaɗai ka yi ba, kuma ni dai ban taɓa jin an ɗaure tsoho don ya zo da ƙafarsa ya gyara abin da aka yi a zamanin Nasara ba. Ka faɗi naka kawai. Maigari ba sai ka ambace shi ba, in an tambaye shi ya amsa nasa.

Tunda za ka tsaya gaban alƙali, ka nemi takarda biyu, ta Rufa'i ɗan Cha'ibu da ta Manzo ɗanka. Manzo ya girme wa ajin farko, amma bai girme wa karatu ba. Bayan an cire gyaɗa a sa shi ajin manya, kafin nan Rufa'i ya fara koya masa a wannan hutu. Shi ne zai tsaya maka wajen awo, don shi ne mai gonar. Marin kuwa ya isa haka. Maganar da ya yi ta yi zafi, amma yaron da ya iya faɗa wa ubansa abin da ke cinsa bai lalace ba.

Gona kuma, hutun kolej ma da damina yake faɗowa, hannu huɗu za ka samu a noma kamar kullum. Abin da ya rage na cira da ɓara, ka kira gayya, surukai biyar gare ka.

Ka ce ba za ka miƙa wuyanka ga hukuma ba. Ba wanda ya ce ka sunkuya. Ka shiga da rawaninka, ka faɗi abin da ka yi da abin da ya sa ka yi, da dutsen da yayanka duka, su rubuta. Mutumin da ya kada maigari a shari'a ba yaran ofis ne za su razana shi ba. Wanda ya kamata ka ji nauyinsa yana cikin gidanka, ya ce in ka ce ya zauna zai zauna, kuma zai zauna ɗin, ba zai ƙara tayar da maganar ba har ka mutu. Kada ka karɓi wannan daga hannun maraya. Ya riga ya ba ka shekara shida.

In kun fito daga wajen alƙali, ka bar shi ya zagaya da kai lakwal ɗin, ka ga inda ya kwana, ka ga kwaminsa a lambu. Ka kira shi da sunansa a gaban abokansa, da ƙarfi yadda ka iya ɗaga murya.

Allah ya sa ku dace da alƙali mai sauƙin kai, ya ji ƙan Cha'ibu, ya raya maka Manzo da Rufa'i, ya ba da damina mai albarka. A gaida Inna Zalika.

Naka,
Na Allah.